Abin da Malam Ya Shuka a Bakin Tafki

Ina tsugune a bayan ɗaki ina canza jarka wayar ta yi ƙara. Ranar Alhamis ce da hantsi. Jarkar da ke ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta cika har tana zuba. Na janye ta na sa wata, na goge hannuna da gefen zani, sannan na ɗauka. Lambar Malam maigidana ce, muryar kuwa ta wani ce, abokin aikinsa a siton da ke kusa da tashar jiragen ruwa. Ya yi sallama, ya tambaya ko akwai wani babba kusa da ni. Na ce ni ce babbar. Sai ya ce Malam ya zauna a kan kwali ya ce bari ya ɗan huta, bai sake tashi ba.

Na yi salati. Na kuma ce masa na gode. Ban san dalilin godiyar ba, bakina ne ya faɗa.

Bayan la'asar aka yi masa salla aka kai shi. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Gidanmu na unguwar Waziriyya a Jidda ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, kwana uku ya cika da mata, daga nan aka fara raguwa. Duk wannan lokacin mukayyif bai daina ɗigo ba. Ranar da aka yi bakwai na leƙa bayan ɗaki, na tarar wata maƙwabciya ta yi ta canza jarkokin don kada ruwa ya ɓata hanya, ta jera su guda huɗu a jikin bango. Ta tambaye ni ko ta zubar. Na ce a'a, ta bar su.

Ruwan na Malam ne. Kowa a layinmu barin nasa yake ya gangara titi, shi kuwa tarawa yake. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ci abinci, sai ya loda jarkokin a bayan tsohuwar motarsa ya nufi gabas da gari, wani wurin shan iska da gwamnati ta shuka wa itatuwa, ake ce masa muntaza. Mun fara zuwa wurin tun 'yarmu ba ta yi aure ba. Mutum yana cikin tafiya a busasshiyar ƙasa mai baƙaƙen duwatsu, sai kawai ya ga kore. Darbejiya ce sahu-sahu, da magarya, da wasu dogayen itatuwa masu ƙamshin man zafi, kowacce da baƙin tiyo a gindinta yana ɗiga mata ruwa. A ƙarshen itatuwan akwai tafki. Malam ya ce ruwan gari ne da aka tace ake zubawa a ciki, shi ya sa aka kafa allo an hana wanka da sha. Mu da muka tashi a bakin gulbi a ƙasar Yawuri, ranar farko dariya muka yi ta yi. Ya ce, "Hajiya, ga tafkin da aka hana taɓawa. Kallo kawai, kamar kayan ɗakin amarya." Duk da haka mako na zagayowa shi ya fara cewa a shirya.

Mukan shimfiɗa darduma, in ɗora dafa-duka a ƙaramin gas, shi kuma ya tafi yawon duba tsuntsaye. Larabawa na gasa nama suna shan gahawa da dabino, 'yan Yaman na buga ƙwallo, 'yan Pakistan na wani wasa da sanda da ban taɓa gane kansa ba. Daga baya gwiwata ta fara ciwo, na rage zuwa, sannan na daina. Shi ya ci gaba shi kaɗai. A lokacin sanyin da ya wuce, wata biyar kafin rasuwarsa, ya fara tara ruwan nan.

Na tambaye shi na mene ne. Ya ce, "Shuka na yi."

"Shukar me?"

"In ya fito kya gani."

"Zogale?"

"A'a."

"Yakuwa? Rama?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ke dai komai sai abin miya."

Na ƙyale shi. Na ɗauka muna da lokaci. Abu ɗaya kawai ya taɓa faɗa mini game da wurin: in an wuce rumfa ta ƙarshe, inda tiyo ya ƙare, akwai wata magarya da ta sunkuya wajen ruwa, to nan kusa ne.

A sati na biyu na takaba abin ya hana ni sukuni. Zafin Jidda ya shigo sosai, irin wanda bango ke gumi. Ina zaune a kan tabarma da carbi a hannu, hankalina yana can gindin magarya. Ban san abin da ya shuka ba, amma na san duk abin da yake, Juma'a biyu ke nan bai sha ruwa ba, ni kuma ba halin fita. Sai na kira 'yata. A nan Jidda aka haife ta, tana aure a unguwar Balad, Hausarta rabi ce da Larabci, Yumma take ce mini, wato Mama. Na gaya mata.

Ta ce, "Yumma, shuka? Fen, a ina? Wurin nan fa kulluhu, dukansa itace ne."

Na maimaita mata kwatancen yadda ya faɗa mini. Mijinta, yaron kirki mai tuƙa motar wani kanti, ya ce ba komai, Juma'a ba ya aiki. Suka zo suka ɗauki jarkokin.

Da yamma ta aiko mini da hoto. Ga magaryar nan a sunkuye, ga ɗan siririn ganye guda ɗaya ya fito daga ƙasa a gindinta, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Ta yi magana a waya tana haki, ta ce, "Lagetu, Yumma! Na gan shi. Shi kaɗai ne a wurin, miskin, ya kusa bushewa."

Na sa tabarau na buɗa hoton da yatsu biyu yadda ta koya mini. Ya yi mini kama da ɗan dabino. Sai na ce a raina, me zai kai Malam shuka dabino a ƙasar dabino, har ya riƙa ɓoye mini? Sai dai in goruba ce, don ita ma tana ƙarama haka take fitowa. Na kwana biyu ina juya maganar, daga ƙarshe na tsayar a kan goruba. Na gaya wa 'yata, ta ce mece ce goruba, na yi mata bayani har da yadda ake gwaguyarta. Ta ce, "Wannan abinci ne ko azaba?"

Haka suka yi ta zuwa duk Juma'a. Ni kuma na mayar da ita idona. In ta dawo sai na tsare ta da tambaya. Ruwan tafkin ya ja baya ne ko yana nan? Balbela na sauka har yanzu? Waɗannan ƙananan tsuntsayen masu dogayen ƙafafu ja, da Malam ke cewa suna tafiya kamar sun ari takalmi, kin gan su? Da farko takan ce ba ta lura ba. Daga baya ta fara lura. Ta ce ta ga wani baƙin tsuntsu yana nutsewa ya daɗe bai fito ba, har ta ƙirga ashirin. Ta ce akwai ƙananan kifaye a gefen ciyawa, ta tambaye ni wa ya zuba su, tunda ba kogin da ya shigo wurin. Ni ma ban sani ba. Na yi ta tunanin abin kwana da kwanaki, ko ƙwai ne ke maƙalewa a ƙafar tsuntsu. Irin tambayar da Malam zai ji daɗinta ce, ya ba da amsa uku, kowacce ta saɓa wa 'yar'uwarta.

Ta kewaye shukar da tsinke don kada yara su taka. Mijinta ya gaya mini har magana take yi mata. Ya ce, "Umma, ni in na ce ƙishi nake ji sai ta ce in jira mu koma gida. Wannan ganyen kuwa jarka huɗu." Ta harare shi ta ce, "Uskut, yi mana shiru, kai ka sha lemon bebsi biyu a hanya."

Ranar da na fita takaba Laraba ce. Na yi wanka na canza kaya, aka yi addu'a. Juma'a na ce da ni za a je.

Hanyar ta canza, an yi sabuwar gada, amma ƙamshin itatuwan nan yana nan tun daga ƙofa. Rana ta yi sanyi, mutane sun cika gindin darbejiya. Wani mutum yana koya wa matarsa hawan keke, tana ihu cikin baƙar abaya, yana riƙe da sirdin. Hayaƙin gawayi ko'ina. Na tafi a hankali saboda gwiwa, surukina na gaba da jarka biyu, 'yata na riƙe da hannuna tana ja na kamar za ta kai ni ganin jariri. Muka wuce rumfa ta ƙarshe.

Tun kafin mu isa na fara ganinsu. A gefen hanya, a gindin benci, duk inda mutane suka taɓa zama suka tofar da ƙwallo kuma ɗan danshi ya samu, ga su nan, siraran ganye iri ɗaya. Muka isa magaryar, ta durƙusa ta buɗe tsinken.

"Shufi, Yumma, duba. Ganye uku yanzu."

Na sunkuya na shafa ganyen. Na ɗan kauda ƙasar gindin da yatsa, sai ga ƙwallon dabino, dogo mai tsaga a tsakiya, yana manne da saiwar. Na mayar da ƙasar na rufe. Ta ce, "Goruba ce?" Na ce, "Ya yi kyau. Kin yi ƙoƙari." Ban gaya mata dabino ne ba.

Muna nan sai ga wani dattijo da koren kayan ma'aikatan wurin, da almakashin yankan reshe a hannu. Ya ji muna Hausa ya tsaya. Ya yi sallama da irin Hausar mutanenmu na Sudan, mai nauyi a harshe. Muka gaisa. Ya dubi jarkokin ya ce ya san su. Akwai wani Malam mai farin gemu da ke zuwa da irinsu, mai yawan tambaya, ya kwana biyu bai gan shi ba. Ya ce ko ya tafi gida Najeriya ne?

Wata huɗu mutane na zuwa suna yi mini ta'aziyya, ban taɓa zama mai ba da labarin ba. Na ce, "Baba, maigidana ne. Allah ya yi masa rasuwa farkon zafi."

Ya ajiye almakashin a ƙasa. Ya zauna a kan dugadugansa ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Ya ce shekara biyu suna shan shayi tare a nan, bai taɓa tambayar inda yake zaune ba.

Sai ya ce, "To ya Hajja, wa ke ba daleb ɗinsa ruwa?"

Na ce, "Me?"

"Daleb. Ku giginya kuke cewa. Ƙwallo uku ya binne, kowanne kamar kan jariri. Wani ɗan garinku da ya zo umra ya kawo masa. Ni na ara masa shebur."

'Yata ta nuna tsinkenta ta ce, "Ba wannan ba ne, ya ammi?"

Ya leƙa, ya dube ta, ya dube ni. Ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙi riƙuwa. "Ke ce! Wallahi duk Juma'a ina hango wata daga can tana shayar da dabinon 'yan shan gahawa. Na ce Allah mai iko, 'yan zamani da tausayi. 'Yata, na babanki bai fito ba tukuna. Ƙasa yake ba ruwa. Ƙasa tsurarta."

Ta ce, "Kef yani, ta yaya ƙasa? Wa zai ba ƙasa ruwa wata biyar ba komai?"

Ya ce, "Babanki."

Ni na san wannan, na san shi tun ina yarinya, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Giginya ba ta fara da sama. Ƙasa take nutsawa tukuna, ta tura wani farin abu mai kauri ya yi zurfin kamu guda ko fiye, ta zauna a can wata da watanni kafin ganye ya leƙo. Da na san abin da ya shuka, da na gaya wa yarinyar ta nemi inda babu komai. Ita kuma ta zo neman shuka, ta ga kore guda ɗaya a gindin magarya, ta rungume shi. Ban ga laifinta ba. Ni da na ga hoton na gane dabino ne na kuma lallashi kaina, nawa ya fi.

Dattijon ya kai mu wurin, taku goma sha daga magaryar, ta wajen ruwa. Ya ce Malam ya ɗora dutse a kan kowanne don shaida. Muka tarar da duwatsun uku, amma an jawo su wuri ɗaya an yi murhu da su, sun yi baƙi, ga toka da guntun gawayi da ƙashin kaza. Wasu ne suka zo suka ga duwatsu uku daidai ɗora tukunya. 'Yata ta juya baya ta rufe fuska da gyale. Mijinta ya ajiye jarka ya tsaya kusa da ita, wannan karon bai yi wasa ba.

Na tambayi dattijon ko suna raye. Ya ce Allah ne masani. Wuta ba ta kai wa zurfin nan, kuma tafki na kusa, ƙasan wurin ba ta rasa danshi. Mai yiwuwa sun sha daga ƙasa. Mai yiwuwa kuma zafin bana ya dafa su. Ya ce a garinsu ya ga wadda ta shekara ba ta fito ba, aka fid da rai, sai ga ta.

Ina tsaye a kan tokar nan wani abu ya faɗo mini. A garinmu iri biyu ake binne ƙwallon giginya. Akwai mai binnewa don itace, ya ba su tazara, ya san ba shi zai ci 'ya'yan ba, sai jikoki. Akwai kuma mai binnewa don muruci, wato farin abin nan da take turawa ƙasa. Shi wannan kusa da kusa yake jera su, bayan wata bakwai ko takwas ya tone ya dafa, kafin ganye ya fito ya shanye shi. Muna yara da shi muke karyawa lokacin kaka. Sai na tuna wata rana bara, ina kwance da zazzaɓi ba na iya cin komai, Malam ya tambaye ni me nake marmari, ya ce ko mene ne zai nemo. Na ce muruci. Na faɗa ne don na san babu shi a Jidda, don ya bar ni in yi barci. Ya ce, "To, Hajiya ta fi ƙarfina." Ba mu sake maganar ba.

Na ce, "Baba, da ya binne su, kusa da kusa ya sa su ko da tazara?"

Ya gane tambayar nan take, don su ma suna ci. Ya dubi ƙasa. Ya buɗa hannuwansa, ya rage, ya ƙara buɗawa. Ya ce, "Ya Hajja, kada in yi miki ƙarya. Ba su yi kusa sosai ba, ba su yi nisa sosai ba."

"Bai faɗa maka na mene ne ba?"

"Na tambaye shi. Ya ce na gida ne."

Na yi lissafin watanni a yatsa. In don muruci ne, lokacin tono ya yi, har yana neman wucewa. In don itace ne, tono kashe su ne, don in abin nan ya karye shi ke nan. Dattijon ya ce shebur na nan a ɗakin kaya, in ina so ya ɗauko. Na ce ya dakata.

Na durƙusa da ƙyar, na kauda tokar da hannu. Akwai cokalin zuba abinci a jakata, na fito da shi na fara kankarar ƙasa a gefen inda dutse ɗaya ya bar alama. Sama-sama busasshiya ce kamar gari. Da na yi zurfin yatsa huɗu sai launinta ya canza, ta yi duhu, na taɓa na ji sanyi-sanyi. 'Yata ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta ce, "Fi shai? Akwai wani abu?" Na ce akwai danshi. Na ƙara cokali biyu. Sai hannuna ya tsaya. Ina son in sani ƙwarai, ban taɓa son sanin wani abu haka ba. Amma na ga in na ci gaba na same shi, to na zaɓa masa ke nan, alhali bai gaya mini ba.

Na mayar da ƙasar. Muka ɗauke duwatsun muka kai su nesa, don kada wani ya sake ganin murhu. Dattijon ya yanko reshen ƙaya ya shimfiɗa a wurin. Surukina ya koma mota ya ɗauko sauran jarka biyun, ya tambaya ina za a zuba ruwan. Na ce jarka uku a nan, a zuba da faɗi tunda ba mu san daidai wurin ba. 'Yata ta ce, "Ɗayar fa?" Na ce ta kai wa nata. Ta ce ai dabino ne kawai. Na ce na sani, ta kai masa.

Muka zauna a bakin tafkin har aka kira magariba. Baƙin tsuntsun nan ya zo, ta nuna mini shi, muka ƙirga tare, ya kai ashirin da uku a ƙarƙashin ruwa. Dattijon ya kawo shayi a butarsa, ya zuba mini a kofin da ya ce Malam ke sha da shi.

Yanzu duk Juma'a da ni ake zuwa. Lokacin muruci ya wuce, ko ya kusa, dattijon ya ce in yana da rai ya fara zama itace a ciki, ba zai ciwu ba. Wani satin nakan tafi da niyyar in ce a ɗauko shebur, ko don in ga ko sun ruɓe ne mu daina jigilar ruwa. In na isa sai in zauna in duba tsakanin ƙayar, in zuba ruwa, mu dawo. Har yau ban tona ba, kuma babu abin da ya fito.